Bar Mini Kusurwa Ɗaya

A tsibirin Chiloe ruwan sama ba baƙo ba ne,
shi ne mai gida, mu ne 'yan haya.
Gidanmu na katako yana tsaye kan dogayen ƙafafu
kamar zalɓe, teku na shiga ƙarƙashinsa tana fita.
Shekara arba'in da ɗaya ina share shi.
Bana yanar ido ta sauko mini,
na dama tukuna, sannan ɗan'uwansa ya bi sahu.

Ran Litinin teburin cin abinci ya sare ni a cinya.
Ban yi kuka ba. Na dai dire tukunyar dankali da ƙarfi.
Baldovino bai ce uffan ba.
Wanda ya tsufa yana haɗa kwalekwale
da ƙusoshi cike da baki, shiru ya zame masa yare.

Da dare na ji shi a ƙasa.
Na san muryar kowane ƙarfe nasa kamar ta 'ya'yana:
magogin nan mai harshen ƙarfe, mai dogon numfashi,
yana tofar da ɓawon katako a nannaɗe;
wuƙa mai ƙota biyu da yake jawowa zuwa ƙirjinsa
kamar mai tuƙi a kwantaccen ruwa;
magagari, tsoho mai mita;
can wajen asuba sai samfefa, tana raɗa.
Ƙamshin sabon itace ya riga shi hawowa gado.

Da safe na miƙa hannu,
bakin tebur ya koma kafaɗar jariri.

Bai tsaya nan ba.
Laraba kujeru. Alhamis bakin taga
da kantar da nake jera kofuna.
Matakala goma sha uku, ɗaya bayan ɗaya, a durƙushe,
gwiwarsa ta fi katakon ƙara.
Ya bi sartse kamar mai bin bashi.
Ko akwatin ulu bai tsira ba.

Ran Lahadi na tashi zan ɗora shayi
sai na ɓata.
A cikin gidana, tsakanin gado da buta.
Duk abin da na dafa sumul,
kowane gefe ya ari fuskar maƙwabcinsa.
Ina ɓallin bakin kanta,
inda Eliseo ya gwada wuƙarsa yana ɗan shekara bakwai?
Daga nan taku huɗu ne zuwa murhu.
Ina tsinin da ke kama mini siket,
yana ce mini, Orfelina, ga ƙofa?
Na tsaya tsakar ɗaki, hannuwa a sama,
kamar mai shanya ba igiya.

Na ce, "Baldovino, ido ya riga ya tafi,
kai kuma ka bi girar da aska."

Ya daɗe bai motsa ba.
Na ji ya ajiye magagari a hankali,
ajiyar wanda aka kama da hannu a tukunya.
Sannan ya ɗauko kurfi, ya kama yatsuna.
"Nuna mini," in ji shi.

Muka zaga gidan, ni a gaba.
Inda na tsaya, nan yake sara:
tsaga ɗaya a bakin kanta, murhu ke nan;
biyu a jikin ƙofar da ke kallon teku;
uku a kan matakalar ƙarshe, kada in taka iska.
Kowace tsaga sai ya bi bakinta da samfefa,
sau biyu, a ɓoye wai,
don hannunsa ba ya iya barin kaifi ya kwana.
Na ji. Na ƙyale shi.

A teburin, ta wajen bango,
akwai kusurwar da bai kai gare ta ba.
Na rufe ta da tafina na ce, "Wannan tawa ce."

Yanzu in ruwa ya tsuge da yamma
yana wasa ƙarafansa a kan dutse,
nakan zauna in danna babban yatsa a kanta
har sai ta yi mini zafi kaɗan.